Ɗaurin Magana da Baƙar Tsakuwa

Da sunan Allah nake farawa. In na ƙara wani abu ko na rage, mantuwar tsufa ce, Allah ya yafe mini.

Samarin da ke zama a tashar kabu-kabu ta Wurno, in na gifta sai in ji suna cewa wai tsohon nan bai taɓa yin sana'a ba, tabarma kawai yake shimfiɗawa, mutum biyu su yi magana ya ce ya ji. Ban ga laifinsu ba. Wanda bai taɓa ganin wa da ƙane sun daina gaisawa a kan maganar da kowannensu ya rantse ya fahimta ba, dole ya ɗauka aikin banza ne. Sana'ata ɗaurin magana. In mutum zai ba wani aron gona, ko ya ba shi akuya kiwo, ko su haɗa hannu a kwalekwale ko injin ban ruwa, sai su zo a ɗaure alkawarin a gaban shaidu. Ba takarda muke yi ba. Bokona a firamare ya tsaya, kuma yawancin masu zuwa ko an rubuta ba za su karanta ba. A ƙasa ake aikin, da yashi da tsakuwa.

A hannun Malam Bawa na koya, ƙanen kakata ta wajen uwa. Ya taɓa karatun mantiƙi, ilimin auna hujja, a wani zaure nan Wurno, bai yi nisa ba idonsa ya soma ba shi wahala, ya bari. Abin da ya rage masa a ka shi ya mayar tsakuwa. Kayan aikinsa ba su fi a riƙe da hannu ɗaya ba: 'yar jakar fata da ta yi baƙi saboda shafa, fararen tsakuwoyi masu santsi da ya tsinto a bakin gulbin Rima, baƙa guda ɗaya, da guntun kara na jan layi. Yashin ma ba kowane ba. Sai mai laushi, a baje shi da bayan hannu, a cire haki, don kada tsakuwa ta gangara ta koma inda ba a ajiye ta ba.

Aikin da aka fara zaunar da ni a kansa na akuya ne. Wata mata ta ba maƙwabciyarta akuya kiwo, suka ce duk abin da ta haifa su raba. Na ga magana ta ƙare, har na soma gyara zama zan tashi. Malam Bawa ya juyo.

"Umaru, ka ji abin da sunka ce?"

"Na ji, Baba."

"To hwaɗa mani ranar da wagga magana za ta zama ƙarya."

Ya ce wanda bai san ranar da magana za ta zama ƙarya ba, bai san abin da take nufi ba, sautinta kawai ya ji. Ya ja layi a yashi ya ajiye farar tsakuwa: in ta haifi biyu. Wannan kowa ya san amsarta. Ya ajiye wata: in ta haifi ɗaya fa? Matan suka dubi juna. Ya ajiye wata: in shekara ta wuce ba ta haihu ba, ciyawar da aka ɗora mata fa? Nan murmushi ya ɗauke. Kowace tsakuwa sai kowace a cikinsu ta ɗauka, ta faɗi abin da za a yi a wannan hali, ta mayar. Ƙa'idar ke nan, kuma ba ta da ta biyu: abin da aka faɗa da tsakuwa a hannu ya ɗauru, abin da aka faɗa hannu wofi hira ce.

Na shekara da shekaru ina ɗaukar masa jaka kafin ya bar ni in ja layi da kaina. Abin da ya fi koya mini shi ne sauraron ƙananan kalmomi. Manyan ba su cika kawo faɗa ba, kowa ya san gona, kowa ya san buhu. Masu cizon su ne "duk" da "sai" da "ko" da "in". Wasu masunta biyu daga Rimawa suka sayi kwalekwale tare, suka ce ko wannan ya fita da shi ko wancan, wanda ya fita kifi nasa. Malam Bawa ya tambaye su ranar da su biyun suke son fita, da ranar da ba wanda ya fita ruwa ya tafi da kwalekwalen. Suka ce haba Malam, ai mu aminai ne. Ya ce saboda amincin ne yake tambaya. Wani kuma ya ce duk abin da gona ta bayar a raba biyu, sai da aka aje masa tsakuwar harawa da ta kara ya gane wake da gero kawai yake nufi.

Akwai jikar yayana da ke karatu a jami'a. Ta taɓa nuna mini littafinta, ta ce ilimin ma'anar magana suke yi, su ɗauki zance irin wanda muke yi a kasuwa su mayar da shi haruffa da alamomi, su jera yanayin da zai zama gaskiya da wanda zai zama ƙarya. Ban gane alamomin ba, ko ɗaya. Amma na so a ce Malam Bawa yana da rai ya ga ana ba wannan abu ɗaki da allo.

Ni halina ya dace da aikin, ya kuma yi masa yawa. Malam Bawa in ya rufe jaka ya rufe ke nan. Ni kuwa sai na dawo gida in tuna wani hali da ban aje wa tsakuwa ba. Da an fito sallar asuba sai in kama hanya, in je in buga sallama in ce, jiya mun manta, in injin ya lalace a hannun wanda ba ranarsa ba fa? Daga nan aka sa mini Umaru In-fa. Har yara ke bina suna "In fa? In fa?" Akwai gidan da in aka ji sallamata sai a ce maigida ya tafi gona, alhali ina ganin takalminsa a bakin zaure.

Yanzu mutane wayar hannu suke ajewa a tsakiya ta ɗauki muryarsu, su ce an ɗaure. Wayar tana riƙe abin da aka faɗa, ban musa ba. Sai dai ba ta taɓa tambayar abin da ba a faɗa ba. Da can a ranar kasuwa tabarmarmu ba ta rabuwa da mutane, daga Rabah, daga Goronyo, wasu a kan jaki, su zauna suna cin goro suna jiran a gama da na gabansu, suna ma sa baki a ɗaurin da ba nasu ba. Ina kewar wannan hayaniyar.

Baƙar tsakuwa ita ce wuyar aikin. Ita ake ajewa a ƙarshe, ita ce ta masifa: mutuwa, gobara, fari, ambaliya. Mutanenmu ba sa son a ambaci masifa a farkon abu. Suna ganin kamar kiranta ake yi. Malam Bawa yana da kwarjini da barkwanci, yakan fito da ita yana tsokanar mutum har a wuce wurin ba a ji zafi ba. Ni ba ni da ko ɗaya. In na fito da ita, sai mutum ya ga kamar wani abu na hango masa.

Aikin da nake so ku ji sosai na Inna Hajo ne, wata dattijuwa a Tursa, bayan rasuwar Malam Bawa da 'yan shekaru. Mijinta ya rasu ya bar mata fegi guda, wato 'yar gona, a gefen fadama, wajen tudu-tudu. Ba ta da ƙarfin noman shinkafa da damina, amma da rani tana sa a dasa mata albasa, ita ke renon irin a bayan gidanta, kuma da wannan albasar take ci shekara. Garba, mai gonar da ke jikin tata, ya nemi ta ba shi aron fegin ya yi shinkafa, ya ba ta rabonta, in ya yanke ya mayar mata. Garba ƙaton mutum ne mai yawan dariya, ko gaisuwa yake yi sai ya yi dariya. Ba mugu ba ne, ina so a riƙe wannan.

Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanta bayan la'asar, da shaidu dattawa biyu. Na aje tsakuwar farko, ta bayar da aro, Garba ya ɗauka yana ƙyaƙyatawa ya ce ya karɓa. Muka bi ta rabo, muka bi ta taki, muka bi ta in shinkafa ta makara ba ta nuna da wuri ba. Sai na sa hannu a jaka. Shaidun nan biyu suna ganin baƙar, ɗaya ya ce bari ya sabunta alwala, ɗayan ya ce bari ya raka shi. Haka ake yi, ba su suka fara ba. Mutum ya fi son ya ce bai ji ba.

Na ce, "In ruwa ya ci shinkafar, ba a yanke komi ba fa?"

Inna Hajo ta ja mayafi. "A'uzubillahi. Umaru, mi nai maka? Ko hadarin fari bai taso ba kana kira mamu ruwa?"

"Inna, ba kira nika yi ba. Kun ce gona za ta dawo in ya yanke. In babu yanka, yaushe za ta dawo?"

"Mayar da abinka cikin jaka."

"In na mayar, Inna, ban ɗaure ba. Sai dai ku nemi wani."

Garba ya fashe da dariya har yana buga cinya. "In-fa, kai dai ba ka da lahiya! Tun ina yaro ruwa bai taɓa hawa wanga tudu ba. Kawo nan." Ya warce tsakuwar ya ɗaga ta sama. "In ruwa ya ci, ranar da yaj janye ta ɗauki abinta, hasara tawa ta. Ka ji? Ko in ƙara maka da in kada ya hito ya haɗiye ni?"

Inna Hajo ta ɗauke ta da gefen mayafi, ba ta yarda ta taɓa fatarta ba, ta ce "Na ji," ta sake ta, ta yi tofi a gefe. Na so in jira shaidu su dawo a maimaita. Na faɗa ma. Ta ce in tattara duwatsuna in bar mata ƙofar gida. Da suka dawo na gaya musu abin da aka ce, suka ce to, to, suna kallon wani wuri.

A ƙarshen daminar nan gulbi ya cika ya tumbatsa. Ba fegin Inna Hajo kaɗai ba, fadamar gaba ɗaya ta zama ruwa, shinkafa ta kusa fitar da kai ta nutse. Na je na tsaya a kan tudu na ga mutane na shiga da kwalekwale inda a da ake bi da garma.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Kafin ruwa ya janye magana ta riga ta zaga cewa Umaru In-fa ne ya ambaci ruwa a Tursa. Ba wanda ya faɗa mini a fuska. Tabarma dai ta zauna wofi ranar kasuwa. Mai goron da muka saba ya koma miƙo mini daga nesa. Wani da zai aza harsashin ɗaki ya hango ni ya sa aka dakata har na wuce. Na koma taya mutane ɗaurin kara da gyaran shinge don a ci abinci. Jakar na rataye ta a ƙusa, kullum in sauke in duba tsakuwoyin ko sun cika, in mayar.

Da ƙasa ta soma shan iska, Inna Hajo ta aika a gyara mata fegi, aka tarar Garba ya riga ya kai injinsa na ban ruwa. Ya ce an ce sai ya yanke shinkafa, shi kuwa bai yanke ba, saboda haka gona na hannunsa har ya yanke, ko da baɗi ne. Ya yi asarar iri da taki da wahalar damina guda, yana so ya mayar da noman rani. Ita kuwa irin albasarta ya kai dashe a bayan gida. Irin albasa ba ya jira, in ya wuce lokacinsa ya tsufa a wurin reno, ko an dasa ba ya ƙwai. In ta rasa wannan dashen ta rasa abincin shekara. Kuma kowa a fadama ya san fegin da ya kwana biyu a hannun maƙwabci, iyakarsa kan soma ɓacewa.

Aka kai magana gaban maigari, aka aiko a kira ni. Da na shiga zauren da jakata, na kusa da ƙofa suka matsa. Na roƙi yashi, aka kawo a tasa, na baje, na jera tsakuwoyin yadda na jera su a ranar, ina faɗin abin da aka ce a kan kowace. Shaidu suka gaskata fararen duka. Da aka zo baƙar suka ce su alwala suka tafi. Da Garba ya so, a nan zai ce ba a yi ba, bakinsa da namu. Maigari ya dube shi.

"Garba, ka riƙa wagga baƙar ko ba ka riƙa ba?"

"Na riƙa, ranka ya daɗe. Ba ni ƙarya gabanka. Amma kowa ya san ni, wasa nika yi. Har kada nic ce za ya haɗiye ni. Ana ɗaure mutum da wasa?"

Wasu dattawa suka ce gaskiya ne, maganar raha ba alkawari ba ce. Wasu suka ce tsakuwa tsakuwa ce. Maigari ya juyo gare ni ya ce, a sana'arku, abin da aka faɗa ana dariya ya ɗauru? Malam Bawa bai taɓa aje wa dariya tsakuwa ba, ni ma da duk tambayata ban taɓa tuna ta ba. Na ce abin da aka koya mini shi ne abin da aka faɗa da tsakuwa a hannu ya ɗauru, ban san wata ƙa'ida bayan wannan ba, kuma ina tsoron in ƙirƙiro wadda ba a ba ni ba. Wani daga baya ya ce, "Yau In-fa ya rasa in fa." Aka yi dariya. Na ga zauren na karkata wajen Garba, don kowa a wurin ruwa ya ci masa wani abu, kuma ba mai son ya ga baƙar tsakuwa ta yi gaskiya.

Inna Hajo na zaune a bakin ƙofa daga waje, inda mata ke zama. Ta yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, a tambayam mani shaidu. Tsakuwar hwari, wadda nib ba shi gonar da ita, da yad ɗauka, shina dariya ko ba shi dariya?"

Shaidun suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Garba ne hwa, Inna. Shina dariya."

"To. In dariya na kwance magana, ban taɓa ba shi gona ba, ya hita. In ba ta kwancewa, ruwa ya janye, ya hita. Ya zaɓi wadda yaka so, ni irina na tsuhwa."

Garba ya dubi tsakuwar farko, ya dubi baƙar, kamar mai neman wata a tsakaninsu. Sai kafaɗunsa suka soma rawa, dariyar ta ƙwace masa, amma idonsa ya yi ja.

"Inna, kin ɗaure ni babu ko tsakuwa. Gobe in kwashe kayana."

Bai kwashe injin ba ma. Ya bar mata shi aka yi ban ruwan farko, aka dasa irin kafin ya wuce. Wannan aron injin ba su kira ni ɗaurinsa ba, kuma na sha kwanciya ina tunanin in ya lalace a gonarta wa zai gyara. Ban je na buga musu sallama ba. Allah ya sa bai lalace ba.

Mutane ba su dawo tabarmata nan da nan ba. A hankali dai, wanda ya ji labarin zauren ya zo, ya jawo wani. Wasu sukan ce tun daga nesa, a yi fararen kawai. In ce musu to su nemi wani.

Da lokacin cirar albasa ya yi, hanya ta bi da ni ta Tursa, na ce bari in leƙa fegin. Albasa ta yi kyau, ja, manya, an tara ta tsibi-tsibi, ana yanke ganye ana zubawa a buhu. Inna Hajo na zaune a kan buhu wofi tana ware masu rauni. Na yi sallama zan sauka cikin gonar, ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan inda kake, Umaru. Kada ka shigo, kada kuma ka ce komi, sai mun ƙare."

Na tsaya a kan kunyar iyaka, rana na dukana. Akwai hadari ɗan ƙarami can gabas, irin wanda ba ya komai da rani, na gan shi, na haɗiye. Ban ce uffan ba har aka ɗinke bakin buhu na ƙarshe aka ɗora a amalanke. Sannan ta amsa sallamata, ta ce a ba ni ruwa in sha.